Fatun Layya a Akwatin Malam

INNA: Ke! Halo ɗin mi? Sallama ta ƙare a Kano ne? Haka ɗiyan yanzu kuke, waya ta shiga hannunku, ladabi ya fita. Sake.

KARIMATU: Yi haƙuri, Inna. Salamu alaikum.

INNA: Wa alaikumus salam. Yanzu na ji magana. Wa ke nan?

KARIMATU: Haba Inna, Karimatu ce, autarki. Sunana bai fito a wayar ba?

INNA: Boko na yi da zan karanta shi? Ina wuni.

KARIMATU: Ni ce da gaisuwa, Inna. Ina wuni? An wuni lafiya?

INNA: Lafiya lau. Ya maigidan naki, Alhaji? Ya kasuwar shanu?

KARIMATU: Alhamdu lillahi, yana gaishe ki. Ya gajiyar Sallah?

INNA: Gajiya ta bi lafiya. Ya yaran?

KARIMATU: Suna makaranta. Ya ƙafar?

INNA: Wace kaza? Ina na ga wurin kiwon kaza ina zaune gidan mutane?

KARIMATU: Ƙafa na ce, Inna! Ƙafarki!

INNA: To ki daina yi mani ihu, ba kurma nike ba, wayarki ce ke tsuwa. Ƙafa da sauƙi. Ya ruwa wajenku?

KARIMATU: Ya sauka sosai. Ku fa?

INNA: Shekaranjiya anka yi wani, har da iska. Allah shi ba mu mai albarka.

KARIMATU: Amin. Ya zaman gidan Baffa Junaid? Kin saba da Gidan Igwai kuwa?

INNA: Wa ke sabawa da wagga unguwa? Keke napep tun asuba, masu tsire har dare. Amma baffanku yana ƙoƙari, ba ni da ta cewa.

KARIMATU: Gidanmu na Ƙofar Kware fa? An sa rufin?

INNA: Ina! An cire tsohuwar azara, an bar ɗakuna baki buɗe suna kallon sama. Magina sun ce sai wani watan. Kullum sai wani watan.

KARIMATU: Allah ya kawo sauƙi. Inna, dama maganar bikin nan ce. Ran Alhamis za mu taso in sha Allahu. Na ce ko za a ɗauko rigar Baba daga wurin ajiyar nan tun yanzu, a shanya ta, a kai ta bugu, tunda ita kika ce yaron zai sa ranar ɗaurin aure.

INNA: Wane yaro?

KARIMATU: Inna, kin san dai wanda nake nufi.

INNA: Na sani. Amiru. Ɗan farinki da ba ki iya faɗin sunansa. To bai kira ki ba?

KARIMATU: Rabona da jin muryarsa tun bayan Sallah. In na kira sai ya ce yana kara wajen masu dabbobi, ana ciniki.

INNA: Awo. Ai ba zai kira ba. Da wane baki?

KARIMATU: Innalillahi! Me ya faru? Lafiyarsa kuwa?

INNA: Lafiyarsa lau, yana cin tuwona yana ƙarawa. Riga ce ba ta da lafiya.

KARIMATU: Rigar Baba? Na shiga uku! Sata aka yi? Dama sai da na ce kada a kai kayan gado hannun baƙi. Mutanen da ba dangin iya ba na baba…

INNA: Rufe mani baki. Kada ki sake ki taɓa mutanen nan. Abin da baƙin nan sunka yi mani, dangi ba su taɓa yi ba. Kin manta tasoshina da na ba gwaggonki ajiya shekarar da munka tafi Makka? Gidan bikin wasu na gan su, ana zuba masu alkaki.

KARIMATU: To me ya sami rigar?

INNA: Za ki ji. Daga farko zan ɗauko, ba ni son labarin tsallake-tsallake irin naku.

KARIMATU: Inna, kuɗin wayar…

INNA: Ke kinka kira. Ranar da munka kai kaya, ni da kaina na bi motar, don ban yarda ba. A zatona wani kango ne za a jibge mani kaya kamar buhunan gero. Ina shiga na ga ba haka ba ne. Sito ne babba, rufinsa can sama, ga tagogi ƙanana kusa da rufi an sa masu raga, iska na shiga, tsuntsu ba ya shiga. Waje rana na dafa mutum, ciki kuwa kamar gindin tsamiya. An yanka ɗakuna a jere, kowa da nasa, kowa da kwaɗonsa. Ƙasa a share tas, ko tsinke babu.

KARIMATU: Ikon Allah. A Sakkwaton?

INNA: A'a, a Kano, tunda ku kaɗai anka yi wa wayo. Mai wurin mace ce, Ikilima, jikar Malam Mu'az na bayan masallacinmu. Yarinya ce, ba ta kai ki ba. Ta yi boko mai zurfi, amma har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Tac ce, Inna, kafin kaya su shiga sai mun buɗe komai a gabanki. Nic ce, kayan nawa? Tac ce, awo, haka muke yi wa kowa, ko kayan ubana ne.

KARIMATU: Kuma kika yarda? Ke da ko mu ba ma taɓa miki fantimoti?

INNA: Na yarda, don na ga ba idon kwaɗayi take kallo da shi ba. Sunka shimfiɗa tabarma, sunka fiddo komai. Ta tsinci ƙullin daddawata cikin langa, da ɗan kilishin da na ɓoye wa azumin nafila. Tac ce abinci ba ya kwana nan, ko ƙwayar gyaɗa, don kusu ɗaya in ya shigo, kayan mutum ɗari zai ci. Ta lissafa mani: ba abinci, ba kananzir, ba ɗanyar fata. Wanda ya shigo da ɗaya, ranar za a fitar masa da kayansa. Amiru na tsaye, da kunnensa ya ji. Riƙe wannan.

KARIMATU: Na riƙe. Halo? Inna, muryarki na yankewa.

INNA: Bari in matsa bakin taga. Yanzu fa?

KARIMATU: Yauwa.

INNA: To ki ji aiki. Ba su aje komai a ƙasa ba. Katako sunka jera, sannan kaya bisa, saboda gara da danshi. Ba su jingina komai da bango ba, sun bar hanyar da mutum zai bi da fitila shi duba. Gadona na ƙarfe sunka kwance shi, sunka ɗaure ƙusoshinsa a jikinsa don kada su ɓace. Katifa na ce a sa mata leda, tac ce a'a, leda na sa kaya gumi da zafin garin nan, sai su yi funfuna. Da farin yadi sunka naɗe ta. Tasoshi kowace da tsumma tsakaninta da 'yar'uwarta. Tun da uwata ta rasu ban ga wanda ya riƙe tasa da mutunci haka ba.

KARIMATU: Allah sarki. Littattafan Baba fa?

INNA: Nan munka yi rigima. Ni na ce littattafai su zauna cikin akwatin Malam tare da rigarsa, yadda ya bar su. Tac ce takarda da tufa ba su zama wuri ɗaya, abin da ke cin wannan yana cin wancan, gara a raba su. Nic ce ke yaushe anka haife ki? Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye ba. Sai da ta sa anka ɗora littattafai da rawani bisa kanta ta sama, da kafur da busasshen ganyen dogon yaro. Riga kaɗai ta rage cikin akwati. Na koma gida ina faɗa. Yau ga shi ina yi mata addu'a bayan kowace salla.

KARIMATU: Inna, don Allah. Me yaron ya yi?

INNA: Ana jibi Sallah na ba shi makulli shi ɗauko mani babban kafet, saboda baƙin baffanku. Bayan Sallah nic ce shi mayar. Kin san sana'arsa ta bin gidaje yana sayen fatun layya.

KARIMATU: Ai gadon gidan ubansa ne.

INNA: Gidan ubansa suna da rumfar shanya, shi ba ya da ita. Wai farashi ya faɗi, yana jira shi tashi. Gidanmu ba rufi. Gidan baffanku matan gida sunka ce ba za su kwana da wari ba. Sai shaiɗan ya raɗa masa cewa ga wuri mai sanyi, ga tsaro, kuma kakarsa ta riga ta biya. Ya barbaɗa masu ɗan gishiri, wai shi gwani, ya shimfiɗa su cikin kafet ɗina, ya naɗe, ya ɗaure da igiya, ya ɗora bisa kabu-kabu.

KARIMATU: Wayyo Allah! Ɗanyu?

INNA: Da jininsu. Mai gadi ya ga kafet ɗin da ya fita shi ne ya dawo, ya bar shi ya wuce. Da ya shiga ɗaki sai ya tuna wari zai tona shi. Ya duba, ya duba, mi ke da murfi mai kamawa? Akwatin ƙarfen Malam.

KARIMATU: A'a! A'a, Inna! A kan rigar?

INNA: A kan rigar. Rigar da anka yi wa Malam aikin hannu kusan shekara, wadda ya sa ranar da anka ba shi limanci. Ita ɗanki ya yi wa shimfiɗar fatar rago.

KARIMATU: La'ilaha illallahu. Wataƙila dai bai lura tana ciki ba…

INNA: Ji mani! Ke da kunya ba ta barin ki faɗi sunansa, yau kin iya tsaya masa? A da uwar ɗan fari ko dukansa ake yi, kai take kawarwa.

KARIMATU: Ba tsaya masa na yi ba, Inna. Tambaya ce.

INNA: Ya lura. Na tambaye shi, yac ce wai ya sa buhu tsakani. Buhu!

KARIMATU: To yaya aka yi aka gane?

INNA: Nan ne za ki san akwai masu aiki. Su ba kulle ƙofa suke yi su tafi barci ba. Kowane mako sai sun bi ɗakuna suna dubawa, suna shinshinawa, suna duba tarkon kusu. Ikilima ce da kanta ta ga ƙudaje sun taru bakin ƙofata, irin koraye ɗin nan na mahauta. Tac ce ƙudan nan ba ya zuwa wurin katifa da tasa.

KARIMATU: Sai suka fasa kwaɗon?

INNA: Ke da kin fasa, na sani. Su ba su taɓa kwaɗon mutum in ba ya nan. Sunka toshe ƙasan ƙofa da tsumma mai magani. Ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa kayan wata malamar asibiti ne da anka yi wa canjin wurin aiki, sunka kira ƙanenta ya zo, sunka matsar da kayanta nesa. Ni kuma sunka yi ta kira na.

KARIMATU: Ba ki ɗauka ba.

INNA: In ɗauka? Lokacin duk wanda ya kira ƙyale shi nike yi. Kwanaki wani ya kira ni wai na ci mota. To da ta ga haka, yarinyar nan ta bar aikinta, da tsakar rana, ta yi ta tambaya har ta gano gidan baffanku. Ta yi sallama, irin wadda ke ba ki iya ba. Ba ta tayar mani da hankali gaban mutane ba. Sai da munka keɓe tac ce, Inna, ɗauko makulli, akwai abin da ya kamata ki gani da idonki.

KARIMATU: Allah ya yi mata albarka.

INNA: Amin. Na sa anka kamo mani Amiru daga kara, munka shiga keke napep. Tun a hanya na ga yana zufa, nic ce lallai akwai magana. Ana buɗe ɗaki wari ya buge mu. Ana ɗaga murfin akwati… Karimatu, na wanke gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba, ban taɓa kawar da kai ba sai ranar. Tsutsa, da wasu ƙwari baƙaƙe masu cin fata, suna ta gudu.

KARIMATU: Wayyo Baba! Wayyo rigar Baba!

INNA: Kuka kike yi? Aje shi, ban gama ba. Rigar ba ita ce babbar damuwata ba a lokacin. Doka na tuna. Wanda ya shigo da ɗanyar fata, ranar za a fitar masa da kaya. Na leƙa waje, gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗo. Gida ba rufi. Ɗakin da nike ciki gidan baffanku ko gadona ba zai ɗauka ba. Littattafan Malam, kayan aurena, har kumbunan da na aje wa ɗiyarki Zaituna, duk a titi cikin ruwa.

KARIMATU: Kika roƙe ta dai?

INNA: Ni? In roƙi mutum shi karya dokarsa? Nic ce mata, ɗiyata, kin faɗa mana tun farko, jinina ne ya saɓa. Kira mota. In ruwa ya ci, ni na jawo da na ba wawa makulli.

KARIMATU: Haba Inna! Da kin ɗan sassauta, ai…

INNA: Saurara ki ji abin da tac ce. Tac ce, Inna, laifin ba naku ne ku kaɗai ba. Ƙa'idarmu ce duk abin da ya shigo a warware shi, ko da daga nan ya fita. Ba mu warware kafet ba. Wannan sakacinmu ne, kuma ni ce shugaba, ni zan ɗauka. Kin ji? Ba ta laɓe bayan mai gadi ba, ba ta tsawata masa gaban mutane ba. Yaushe rabon da ki ji mai wuri ya ce ni na yi kuskure?

KARIMATU: Wallahi an daɗe. Nan ko tela ya ɓata miki ɗinki, cewa zai yi jikinki ne ya canza.

INNA: To. Amma tac ce kaya ba za su kwana cikin na mutane ba, don amanar wasu na wuyanta. Suna da wani ɗaki can baya, shi kaɗai, na irin wagga matsala. Kafin ruwa shi sauko sun kwashe komai sun kai can, ina zaune bisa kujera ina kallo. Ko cokali bai jiƙa ba. Washegari sunka yi wa ɗakin farko feshi, sunka wanke shi. Kayana kuwa ɗaya bayan ɗaya sunka bi, suna kakkaɓewa, suna shanyawa in rana ta fito, suna duba kowane lungu na katifa. Ba su mayar ba sai da sunka tabbata ko ƙwai bai rage ba.

KARIMATU: Littattafan?

INNA: Ko ɗigo. Da rawani. Da na ci rigimar nan ta ranar farko, da yanzu tafsirin da Malam ya kwafa da hannunsa yana cikin ƙwari.

KARIMATU: Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Kumbunan Zaituna fa?

INNA: Ji ta, sai yanzu ta tuna da nata. Suna nan, sun fi da ƙyalli.

KARIMATU: To ba su kore ku ba ke nan?

INNA: Ni ba su kore ni ba. Shi sunka kora. Tac ce sharaɗi ɗaya ne, ƙafar Amiru ba ta sake tsallake ƙofar nan. Nic ce kin riga ni. Makulli yanzu yana ɗaure bakin zanena. Kuma tun daga ranar, ko tabarmar salla kinka kawo sai an warware ta a bakin ƙofa.

KARIMATU: Fatun fa? Ko ɗaya ba ta tsira ba?

INNA: Jarin nasa kike tambaya? Ya ruɓe. Ikilima ta ce yaranta za su kwashe, nic ce a'a, wanda ya kawo shi zai fitar. Da hannunsa ya kwashe, ya ɗora a kai, ya kai bayan gari ya binne, ƙudaje na rakiya. Kuɗin feshi ta ce a raba biyu tunda laifi biyu ne. Rabin namu ban sayar da ɗan kunnena na biya ba, ragon da Amiru yake turke da shi ya tafi kara.

KARIMATU: Ragon walimar?

INNA: Shi. Abokansa su ci shinkafa.

KARIMATU: To Inna, ai ya ji jiki. Rigar… ta mutu ke nan gaba ɗaya?

INNA: Ba ta mutu ba. Ikilima ta hana a kai ta wurin masu wankin unguwa, tac ce za su murje aikin. Ta san wani dattijo da ke wankin manyan riguna, ya bi ta a hankali, wari ya fita sarai. Amma ƙwari sun ci kafaɗar dama, huda kamar rariya, tafin hannu zai rufe. Ga kuma tabo a ƙirji, daidai kan aikin, ya ƙi fita.

KARIMATU: Kash! To shi ke nan, Allah ya ƙaddara. Bari in gaya wa Alhaji, gobe a shiga kasuwar Kwari a yanko shadda mai kyau. Akwai telan da zai gama kafin Alhamis, sai mu taho da ita.

INNA: Ku taho da ita wa?

KARIMATU: Shi… angon.

INNA: Ango na da riga.

KARIMATU: Wace?

INNA: Wadda kakansa ya bar masa. Malam na kwance yac ce mani, wagga riga ta Amiru ce, shi sa ta ranar aurensa. Kina wurin. Ni ba ni canza maganar mamaci.

KARIMATU: Da hudar? Inna, da hudar?

INNA: Ni na huda ta?

KARIMATU: To a gyara mana! Ba a rasa mai aikin hannu a Sakkwato ba.

INNA: Akwai. Ikilima ta samo mani shi ma, ya zo ya duba, yac ce zai cike ta yadda ba mai ganewa.

KARIMATU: Yauwa! Alhamdu lillahi! To a ba shi yau ɗin nan, ni zan biya.

INNA: Na riga na yi magana da shi. Bayan ɗaurin aure zai karɓa.

KARIMATU: Bayan… Inna! Don girman Allah! Mutane za su taru, abokan Alhaji za su zo tun daga Kano, ga dangin amarya!

INNA: Dangin amarya sun sani. Na aika baffanku ya gaya wa waliyyinta komai, don kada su ji a bakin 'yan kara. Dattijon kirki ne. Ya yi dariya har da hawaye, yac ce gara yarinya ta san wanda za ta ba ajiyar kayan ɗakinta.

KARIMATU: Ga masu hoto, Inna! Hoton nan har jikoki za su gani!

INNA: Su gani. Su tambaya, a gaya masu.

KARIMATU: To ko alkyabba ya ɗora a kai? Ko ya saɓa hannun rigar ta yadda kafaɗar za ta ɓuya?

INNA: Ya gwada wannan dabarar jiya da na sa shi ya sa ta a gabana. Ya naɗe hannun riga ya tara bisa kafaɗa, wai zafi yake ji. Nic ce sauke. Ita kanta Ikilima ta roƙar masa, tac ce Inna, ya isa haka. Nic ce ɗiyata, ke kin tsare dokar gidanki, ban ce maki komai ba, bar ni in tsare ta nawa.

KARIMATU: Shi me ya ce?

INNA: Mi zai ce? Ya tsaya gaban madubi ya daɗe yana shafa wurin. Sannan yac ce, Inna, ashe haka Malam yake da faɗin kafaɗa. Sai ya sa kuka, ƙato da shi.

KARIMATU: Allah sarki… Inna, ki dube ni. Ban taɓa roƙonki komai a kansa ba tun da na haife shi, kin sani. Yau ɗaya dai. Amiru fa…

INNA: A'a! Yau har da suna? To lallai abin ya kai. Ki ji da kyau, Karimatu, don ba zan maimaita ba. An ba shi amanar makulli, ya ci. Baƙuwa ta riƙe mani kayana kamar na uwarta, jikana ya mayar da akwatin kakansa majema. Ran Asabar zai shiga masallacin da Malam ya yi limanci, cikin rigar Malam, kafaɗa a buɗe. Duk wanda ya tambaye shi mi ya ci rigar nan, da bakinsa zai ce…

KARIMATU: Zai ce me? Inna? Kai, kuɗin nan! Inna! Halo? Halo… Salamu alaikum?